Kujerar da Ke Bayan Direba

Kwanakin baya jikana ya kai ni asibiti a motarsa. Muna dawowa sai wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, ya ratse wani gareji. Ina zaune a baya ina kallo. Yaron da ya zo bai buɗe inji ba, bai kasa kunne ba, bai ko tambayi jikana yadda abin ya fara ba. Wata na'ura ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya duba fuskarta, ya faɗi abin da za a canja. Ba zan ce aikin banza ya yi ba, don motar ta gyaru, mun iso gida lafiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a tambayi kowa komai ba. A zamaninmu in mota ta yi ciwon da ke zuwa yana tafiya, sai an tambayi mai ita ina ya je, da wa ya je, rana ta yi zafi ko ba ta yi ba. Ni kuwa akwai wata tambaya guda irin wannan da ta riƙe mini aurena.

A Yerwar da na tashi motoci ba su da yawa, kuma kowace da muryarta. Kana kwance a zaure za ka san wadda ta wuce, har ka san ko mai ita ne ke tuƙi ko aro aka yi. Kwalta ba ta wuce manyan tituna kaɗan ba, saura duk yashi ne mai cin ƙafa. Itatuwan dalbejiyar nan da yanzu suka tsufa a bakin hanya, da yawansu na san su suna ƙanana, an kewaye su da ƙaya saboda awaki. Da safe abin da ke tashe mu kukan jakuna ne, da muryar matan Shuwa masu nono, da ƙafafun shanun da ake korawa kasuwa, ƙasa na amsawa. Dattawa biyu za su haɗu a bakin hanya su yi ta “wushe, wushe” har jakin ɗayansu ya gaji ya kama kiwo. Yanzu in ka tsaya gaisuwa irin wannan, mai babur ɗin haya ne zai koya maka hankali.

Sana'ar gidanmu fata da ƙirgi ce. Kakanninmu Hausawa ne, fatauci ya kawo su suka zauna, mu a nan aka haife mu, a Umarari. Da sassafe nakan tafi Kasuwar Shanu wajen mahauta, in zaɓi fatu, a kawo gida, a kankare, a ɗaure a jikin itace a inuwa, a yi ta juyawa. Mahaifina yakan ce mana mu fara sa hanci kafin mu sa ido, don fatar da ta soma lalacewa wari take fara yi tun fuskarta na da kyau. Ya rasu ina saurayi, sana'a da gida suka dawo kaina, ni da Inna. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Kai wannan” take ce mini, kuma in ta faɗa, ko ina bayan gari sai na ji a jikina.

Lokacin da Turawa suka fara tattara kayansu, ɗaya daga cikinsu ya sayar mini da motarsa. Shi ma a hannun wani ya same ta, ta dai biyo hannaye. Irin ƙananan nan ne masu doro, ƙofa biyu, inji a baya, waɗanda muke kira kunkuru. Tana tafe tana ƙara kamar keken ɗinki, amma a yashi ba ta da na biyu. Na so motar nan, ba zan ɓoye ba. Nakan wanke ta da kaina, in goge, in ja baya in kalle ta. Inna kuwa ta leƙa sau ɗaya ta ce ita ba kaza ba ce da za ta sunkuya ta shiga akurki. Duk inda za ta, da ƙafa take zuwa.

Ba a jima ba na yi aure. Babarbariya ce, ƙanwar wani abokina dillalin shanu. Ina so, tana so, iyaye suka sa albarka, Inna ma da hannunta ta haɗa kaya. Hausarta a lokacin kaɗan-kaɗan ce, ga kunya, saboda haka maganarta a gidan ba ta wuce gaisuwa da “to”. Abin da ke yi mata magana turarenta ne. Wanda ya san matan Borno ya san abin da nake nufi. Tufafinta, gashinta, tabarmar da ta zauna a kai, komai sai ya kwana yana ƙamshi. Ni da na wuni cikin ƙirgi, in na shigo ɗakinta sai in ji kamar an sake haihuwata.

Ranar da na fara fita da ita a mota, gaida iyayenta za mu je. Na kwantar mata da kujerar gaba ta hagu, ta shiga baya, ta zarce har can bayana, ta rungumi kwanon da za ta kai. Ba mu yi nisa ba, muka faɗa wata gargada, sai motar ta yi tari ta mutu. Na murɗa makulli, shiru. Na ce ta sauka ta tsaya a inuwa. Na zaga baya na buɗe inji na zuba masa ido, ni da ban san komai a ciki ba sai wurin zuba baƙin mai. Yara suka tura, ta tashi. Amarya ta koma ciki, muka ci gaba, kafin mu isa motar ta sake mutuwa. Muka yi dariya, ni da ita, iyayenta ma suka yi. Washegari na wuni ina yawo da motar har bayan gari, ko gezau.

Bakanikena wani mutumin kudu ne, Kirista, sunansa Sande, amma gari ya mayar da shi Ɗanladi, shi kuma ya amsa. Garejinsa na ƙarƙashin wata tsamiya kusa da Kasuwar Kwastam, inda matarsa, Mama Ngozi, ke da rumfar manja da kwanuka. Mutum ne gajere mai faɗin hannu, ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. Yakan ce inji abu uku yake ci, mai da wuta da iska, in ya mutu ɗayansu aka hana shi. Ya fara da mai. Ya kwance kafireta ya wanke, ya hura bututu da bakinsa, ya tofar, ya ce yashi ne. Na tafi ina murna. Da ta sake yi, ya koma kan wuta. Ya canja fulogi, ya goge kwantak, ya ce wataƙila kwayil ne ke ɗaukar zafi, ya ara mini wani. Ya lura batir na yin sanyi ba dalili. Batir ɗin irin motar nan a ƙarƙashin kujerar baya yake, sai ya ɗaga kujerar ya jingine ta a gindin tsamiya, ya ga kan batir ɗin ya yi baƙi-baƙi, ya zagi mai motar na farko, ya kankare, ya ƙara ruwa, ya mayar da kujera. Daga nan mu shiga, shi a sitiyari ni a gefensa, mu bi gargada, mu bi yashi, mu hau tudu. Motar nan sai ka ce jiya aka ƙera ta.

“Malam, motan nan lafiyansa ƙalau,” in ji shi. “Ni na tuƙa shi, kai ka tuƙa shi. Ina ciwo?”

Ciwo kuwa yana nan, sai dai ba ya fitowa sai amarya na ciki. Za mu suna gidan ɗan'uwana, motar ta mutu a bakin layin, mata na kallo. Suka ga amarya ta sauka, aka tura, ta tashi. Za mu dubiya, haka. Mata ba su rasa ido. Aka fara haɗa wannan da wancan. Ruwan sama ya taɓa shammatar mu ya ɓata fatu, aka tuna. Wata tunkiyar Inna ta mutu da ciki, aka tuna. Motar ta taɓa mutuwa wata Juma'a da na cika ta da maza, wannan kuwa babu wanda ya tuna, har ni ban riƙe ba sai daga baya. Kalmar da ba a so a faɗa ta fara yawo a tsakar gidaje: farar ƙafa, macen da in ta shigo gida alheri ke fita. Inna ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta daɗe tana yin kamar ba ta ji ba, kuma wannan ina yaba mata har gobe.

Abin da ya karya ta rasuwar Kawu ce, ƙanenta, wanda ita ta goya shi. Ya daɗe yana jinya. Wata rana da hantsi jikin ya tsananta, Inna tana can, ta aiko in zo da mota a kai shi asibiti. Amarya ta dama kunu za ta kai, na ce ta shiga mu tafi. Motar ta mutu a hanya, aka tura, ta sake mutuwa, batir ya ƙi ko motsi. Da ƙafa muka ƙarasa, tana biye da ni da kwanon kunu a ka. Tun daga bakin zaure muka ji kuka. Duk wanda ya ga Kawu a kwanakin nan ya san ko jirgin sama aka kawo kwana ya ƙare. Inna ma ta sani. Amma baƙin ciki na neman wurin sauka, kuma ga yarinya tsaye da kwano a hannu.

Bayan an tashi daga zaman makoki ta kira ni ɗakinta. Ba ta ɗaga murya ba.

“Kai wannan, yarinyar nan ba ta yi mini laifin komai ba. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Kafin azumi ya kama ka mayar da ita gidansu.”

“Inna, motar ce ke da ciwo.”

“Ka kai ta wurin masu magani ai. Me suka gani?”

Yaran yanzu za su ce me ya hana in ƙi. Ba su san zamanin ba. Uwa in ta furta irin wannan, ba shawara take ba ka ba. Na fito ina jin kamar an ɗora mini ɗaurin ƙirgi a ƙirji. Ban faɗa wa amarya ba, amma gida ba ya ɓoye irin wannan. Kwana kaɗan na shiga ɗakinta na ga ta ƙulle tufafinta a babban zani ta ajiye a bayan ƙofa. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta ci gaba da shara, da girki, da durƙusa wa Inna kowace safiya. Ina son ta, kuma ina ganin za ta fita daga hannuna saboda ƙarfe.

Sai a lokacin na faɗa wa Ɗanladi gaskiyar magana. Da can ciwon mota kawai nake kai masa, don ba a kai zancen iyali gareji. Ya ajiye sifana, ya goge hannu, ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

“Kana nufin duk lokacin da ya mutu, matanka yana ciki?”

“Haka mutane suka lura.”

“Me ya sa ba ka faɗa mini tun farko? Ni ina neman ciwo a inji, ashe ciwo yana shiga da ƙafa.” Ya ga fuskata ta canja, ya ɗaga hannu. “A'a, ba wannan ba. Mota bai san mace ba, bai san namiji ba. Nauyi ya sani, zafi ya sani, girgiza ya sani. In yana ciki wani abu yana canjawa. Kawo shi mu gwada.”

Na ce wannan ba zai yiwu ba. Amaryar da ko shekara ba ta yi ba, in ɗauko ta in kawo gareji cikin maza ana gwaji da ita, ga abin da ake faɗa a kanta? Gara a mayar da ita gidan da mutuncinta. Muna cikin haka Mama Ngozi ta kawo masa abinci. Ta tsaya ta saurara, ta dafe ƙugu.

“Mace kuke nema? Ni ba mace ba ne? Ran Lahadi in mun taso coci ka zo.”

Ran Lahadi da la'asar na same su cikin kayan coci, ita da ɗaurin kallabi sai da ta sunkuya sosai kafin ya shiga mota. Ɗanladi ya ce in tuƙa yadda na saba, in bi inda na saba. Shi ya shiga baya ya zauna a hagu, nan bakin ƙofa inda kowa ke zubewa in ya shiga, ita ta hakimce a gaba kusa da ni. Muka bi hanyar Kasuwar Shanu, inda kofato ya kwaɓe ƙasa da damina ta bushe a haka. Muka je, muka dawo, muka sake komawa. Mota sai waƙa take. Mama Ngozi tana ba ni labarin tsadar manja, ni kuwa zuciyata na nutsewa, don in motar ba ta mutu da wannan ba, maganar mata ta tabbata ke nan. Na tsaya a wata inuwa na kifa kai a sitiyari.

“Yi haƙuri, ɗana,” in ji ta. “Ko matanka yana taɓa wani abu a nan gaba? Yana sa ƙafa a kan waya?”

“Ai ba ta taɓa zama a nan ba.”

Ɗanladi ya leƙo ta tsakanin kujeru. “To ina yake zama?”

“A baya mana. Can bayana.”

Suka kalli juna. Su a wurinsu mace gefen mijinta take zama, bai taɓa zuwa musu a rai su tambaya ba. Ni kuma a wurina mace ta zauna kafaɗa da kafaɗa da mijinta gari na kallo, abu ne da ba a yi, bai taɓa zuwa mini a rai in faɗa ba. Tawa ma ta fi sauran, don ba ta tsayawa a bakin ƙofa. Sai ta zarce har bayan kujerata ta lafe, inda ko a madubi ba za mu haɗa ido ba.

“Ku mutanen nan!” in ji Mama Ngozi. “Mota naka, mata naka, ka sa shi a baya kamar buhu?”

“Ba ni na sa ta ba, Mama. Ita ta zaɓa.”

Aka yi musaya. Da ƙyar ta kutsa, tana mita, ta zauna a bayana, Ɗanladi ya dawo gaba. Ramin farko da muka faɗa motar ta yi tari. Na biyu ta mutu murus. Kafin in buɗe baki Mama Ngozi ta ƙwala ihu da yarensu, tana dukan kafaɗata. “Wuta! Wuta a ƙarƙashina! Buɗe mini!” Sai a lokacin hancina, da nake taƙama da shi a kasuwa, ya ji ƙauri. Ita ba ta sa turare irin na amarya, balle ya rufe ƙaurin.

Muka fito da ita. Ɗanladi ya fizgo kujerar, wannan karon ya kifa ta a kan yashi, cikinta na kallon sama. Ga abin nan a fili. Ɗaya daga cikin wayoyin ƙarfen da ke riƙe kujerar ya lotsa, bakinsa ya narke yana ƙyalli, abin da aka cusa a kewaye ya ƙone baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, har yana ɗan hayaƙi. Batir ɗin asali yana da murfi, ya ɓace tun a hannun masu motar na da. In mutum ya zauna daidai kansa, aka faɗa rami, ƙarfen ya sauko ya taɓa kan batir, wutar da za ta je fulogi sai ta bi jikin mota, inji ya mutu. In mutum ya tashi, ƙarfen ya ɗaga, a tura ta tashi. Ɗanladi ya daki goshinsa ya ce da hannunsa ya sha jingine kujerar nan a gindin tsamiya bai taɓa juya ta ba. Ya yanko roba daga wata tsohuwar taya ya rufe kan batir, ya miƙar da ƙarfen. Sannan ya dube ni, babu wasa a fuskarsa.

“Allah ya so matanka, Malam. Wannan wata rana da mota da mutum zai ci.”

Na zaci murna zan yi. Tsoro ne ya fara zuwa. Murnar sai a hanyar gida ta iso.

Na sami Inna tana tankaɗe, na zayyana mata komai. Ta saurara ba ta ɗaga kai ba. Da na gama ta ce, “Bakanike abokinka ne. Abin da kake son ji zai faɗa maka.” Ta ci gaba da tankaɗenta. Na kwana da wannan. Washegari rana ta ɗan ɗaga, ina shirin fita, sai ga ta da mayafi.

“Kai wannan, fito da akurkin naka.”

Na fito da mota.

“Cire abin da ya sa.”

“Inna, wuta ce fa. Tana iya kamawa.”

“Yashi ya ƙare a garin ne? Cire.”

Na cire robar, na danna ƙarfen ya koma yadda yake. Inna ta yi bisimilla, ta sunkuya, ta shiga mota karo na farko a rayuwarta. Ta tambaye ni inda yarinyar ke zama, na nuna, ta zarce can. Ta ce in bi hanyar gidan Kawu. Babu wanda ya sani, daga ni sai ita. Ina tafe a hankali, rabin zuciyata na roƙon motar ta mutu, rabi na roƙon kada ta mutu da uwata a ciki. Kusa da inda ta tsaya mana ranar rasuwa muka faɗa gargadar nan, motar ta yi tari, ta yi shiru. Na yi tsalle na zaga na buɗe ƙofa ina cewa Inna ta fito. Ta ƙi motsi. Ta zauna har sai da na ga fuskarta ta yamutse, sannan ta miƙo mini hannu. Da ta sauka ta jawo bayan zaninta ta shinshina, ta daɗe tana kallon hanyar gidan ƙanenta. Ta ce, “Mayar da robar.”

Kai tsaye ɗakin amarya ta nufa, ɗakin da tun ranar da aka yi jere ba ta sake taka shi ba. Ni na tsaya a waje, amma labule ba ya tare magana. Ta jawo ƙunshin nan na bayan ƙofa ta kwance da hannunta, tana ɗaga zannuwan ɗaya bayan ɗaya a hasken ƙofa. Zannuwan fita unguwa, kowanne an naɗe shi ta yadda wani wuri zai shige ciki. Da ta warware sai ga tabo, ja-ja, wani har ya huje. Inna tana jin Barbarci kamar 'yar gari, amma ba ta taɓa yi wa surukarta ba sai ran nan.

“Kina jin zafin nan?”

“Ina ji, Inna.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko.”

“Me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Da farko na zaci haka mota take, ban taɓa shiga wata ba. Da aka fara magana kuma, sai na ji tsoro kada a ce har wuta ke bi na.”

Na ji Inna ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta ba da haƙuri ba, iyayenmu ba sa yi da baki. Ta mayar da kayan cikin akwati ita da kanta, ta fito da zanin da ya huje a hannunta, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, idonta jajir. Da yamma ta aika mata da wanda ya fi kowanne tsada a nata akwatin. Ranar sadakar Kawu, lokacin da gidan ya cika da matan nan masu lura, Inna ta ce in kai su a mota, ita da surukarta. Ita ta fara sauka, ta riƙo hannun yarinyar. Wata ta ce ashe yau an iso lafiya. Inna ta ce, “Ni ma ta mutu da ni. Wadda ke da magana ta fara da ƙafata.” Daga ranar ban sake jin kalmar ba.

Ɗanladi da iyalinsa sun bar garin a shekarar da mutanensu da yawa suka tafi, ban sake jin labarinsu ba, kuma har yau in na wuce wajen tsamiyar nan sai na tuna su. Kunkuru ta tsufa aka sayar. Na yi motoci bayanta, manya da ƙanana, masu ƙofa huɗu, masu batir a gaba inda ya kamata. Amarya ta zama uwar 'ya'yana, ta zama kakar wannan da ke tuƙa ni, Hausarta ta nuna har tana yi mini gori da ita. Ita ta yi jinyar Inna har ƙarshe. Zamani ya canja, 'ya'yanta mata suka fara zama a gaba, wata ma ta fara tuƙi, suka yi ta tsokanar ta. Ba ta taɓa barin bayan kujerata ba. Kuma kowace mota ce, komai sabuntarta, sai ta shafa kujerar da tafin hannu kafin ta zauna.

Ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta. Ni ma idona ya hana ni tuƙi. Duk ranar asibiti jikana sai ya buɗe mini ƙofar gaba, ya ce, “Kaka, nan ya fi wurin miƙe ƙafa.” In ce masa baya. In shiga, in ja jiki a hankali har bayansa, yana kallona ta madubi yana girgiza kai, ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ban san ranar da hannuna ya koyi abin ba, amma ni ma sai na shafa kujerar kafin in zauna. Kullum da sanyinta nake samun ta.